Matar da Take Fara Littafi Daga Ƙarshe

Shekara ashirin da shida muka yi a ɗaki ɗaya ni da ita, a bayan madaba'a, teburinta a bakin taga saboda haske, nawa a bakin ƙofa saboda warin gam. Ni ɗinkin littafi nake yi, ita gyaran rubutu. Duk abin da za a buga, littafi ne ko katin gayyata ko takardar jarabawar yara, sai ya bi ta gabanta kafin ya ga inji. Masu injin ne suka laƙaba mata Jan Biro, sunan ya bi ta har gida, har mijinta in yana jin tsokana da shi yake kiranta. Ni Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara bakwai, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Gajeriya ce, ba ta da jiki, tabarau da igiya a wuya, magana ɗaya-ɗaya. Amma ƙattin da ke juya inji in sun ji takunta sai su gyara tsayuwa. Na taɓa ganin ta tsayar da bugun littafi dubu uku saboda an juya sunan mutum ɗaya a shafi na tamanin. Manaja ya zo yana kumfar baki, ta miƙa masa shafin ta koma kan aikinta. Da ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Yadda take aikin shi ne abin da ya kamata a fara sani a kanta. Daga ƙarshe take farawa. Za ta kifar da tulin takardu, ta zaro shafin ƙarshe, ta ɗora faffaɗar rula ta rufe duk abin da ke sama, ta bar jimla ɗaya tak, ta can ƙasa. In ta gama da ita sai ta tura rular sama kaɗan. Haka za ta yi ta hawa har ta isa kan take. Tsohon da ya koya mata aikin ne ya ɗora ta a kan haka, wai in ka fara daga farko labari zai janye maka ido, ka riƙa ganin abin da marubuci ya so rubutawa maimakon abin da ya rubuta. Tsohon ya yi gaskiya, kuskure bai cika tsere wa Yaya ba. In tana kan rula kuwa, ko gobara ce ta tashi, kana buɗe baki za ta ɗaga maka hannun hagu, kai kuma ka yi shiru.

Sai dai hanyar ta ci ta a wani wuri. Madaba'armu ta buga littattafan labari da yawa, musamman irin na kisa da bincike, waɗanda ake ɓoye mai laifi sai an zo ƙarshe, da kuma na matasa, na 'yan makaranta masu rigima da iyaye da ƙawaye. Duk sun bi ta hannunta, sun haura ɗari uku. A ciki babu ko ɗaya da ta karanta ba tare da ta riga ta san yadda ya ƙare ba. Kafin ta ga gawa ta riga ta ga ankwa a hannun wanda ya yi kisan. Sai ta yi kwana biyu tana hawa, ta tarar da shi a babi na biyu yana gaishe da mutane cikin ladabi. Daga teburina nakan ji ta ce, "Munafuki," a hankali, sai in san ta haɗu da mutumin nata. Ga shi kanta ba ya zubar da suna. Sunan da ta duba sau ɗaya, bayan shekara goma za ta gaya maka abin da mai sunan ya aikata.

Wata rana muna cin abinci ta ce mini, "Ke kin san yadda mutum yake ji in an ce masa ga wanda ya yi, alhali bai taɓa zato ba?"

Na ce, "Ina zan sani, Yaya? Ni tsakanina da littafi sai allura da zare."

"Ina ganin yara a mota," in ji ta. "Yarinya tana karatu, ta zo wani shafi, sai ki ga ta dafe ƙirji ta ɗago tana kallon mutane kamar an mare ta. Shekara nawa ina cikin littafi, ban taɓa jin wannan ba. Ina so in ji, ko sau ɗaya ne."

Abin da ya haifar da akwatin ke nan. Akwatin ƙarfe ne shuɗi, irin na 'yan makarantar kwana, a ƙarƙashin gadonta. Shekara goma sha biyar tana tara littattafai a ciki, waɗanda wasu madaba'u suka buga, ba tamu ba. In ta je kanti ba ta taɓa littafin da hannu. Za ta nuna da yatsa, ta ce mai kanti ya naɗe shi da takarda tana kallon wani wuri, in ta zo gida ta rubuta lamba a kai. A cikin murfin akwatin ta manna jerin lambobin da sunayen littattafan. Sha tara suka zama, sha biyu na bincike, bakwai na matasa.

Na taɓa ce mata ta ɗauki ɗaya mana ranar hutu, wa ya hana ta? Ta ce ta gwada. Littafin farko da ta saya, ta zauna za ta buɗe, kafin ta ankara hannunta ya riga ya juya shi ya buɗe shafin ƙarshe. Wannan littafin 'yar maƙwabta ta ba wa.

"Muddin biron nan yana wurina, hannun ba nawa ba ne," in ji ta. "Sai na ajiye shi."

Na matasan kuwa dalilinsu daban ne. Tana shekara sha shida mahaifinta ya rasu, ta bar makaranta ta shigo madaba'a tana naɗin takarda, ga ƙanne huɗu a gida. Takan ce ita ba ta yi ƙuruciya ba, tana nan a ajiye a akwati, in ta yi ritaya za ta yi abarta. Kuma ba karatu kaɗai take hari ba. So take duk littafin da ta gama ta rubuta sharhi a kansa, ta sa mutum ya ji yana son karantawa ba tare da ta tona masa ƙarshe ba. Har littafin rubutu mai kauri na ɗinka mata don wannan.

Sai maganar Waƙafi. Ya zo mana yana saurayi, aka ba Yaya ta koya masa gyara. Duk inda ya ga kalma uku sai ya dasa waƙafi a tsakani, shi ya jawo masa sunan. Shekara huɗu ya yi a gefen teburinta. Ita ta koya masa riƙe rula, ita ta rufa masa asiri ranar da ya bari aka buga kalandar da babu watan bakwai, ita ta rubuta masa takardar shaida lokacin da ya nemi aiki a wata mujallar matasa. Ya yi ta hawa har ya zama edita, ya yi tumbi, ya yi mota. Mujallar a wurinmu ake bugawa, don haka duk wata muna ganinsa. Mama yake ce mata, yana rusunawa har ƙasa. Ni dai tun can ladabin nasa ya yi mini yawa, amma ba a tambaye ni ba.

Ranar da aka yi wa Yaya taron sallama, Waƙafi ya miƙe a gaban kowa ya ce ya ware wa Mama fili a mujallarsa, littafi ɗaya a kowace fitowa, ta karanta ta yi sharhi da sunanta. Aka yi tafi. Yaya ba mai kuka ba ce. Tabarau ta cire ta yi ta gogewa har aka gama rabon lemo. Da za ta fita ta ajiye jan biron a kan teburina ta ce in ba wanda yake so.

Washegari ta kira ni gidanta da allura da zare. Ta fito da littafi mai lamba ɗaya, ta juya baya, ta ce in ɗinke babi uku na ƙarshe kada hannu ya ci amanarta. Na huda gefen shafukan na ɗaure su da farin zare. Sannan ta zauna a kujerar falo, ta buɗe shafin farko kamar kowa.

Ban taɓa ganinta haka ba. Labarin wani mai kantin magani ne da aka tsinci gawarsa a bayan teburin kantinsa, ƙofa a kulle ta ciki. Shafi goma take yi a rana, ba ƙari, wai kada ya ƙare da wuri. Ina tsakiyar aiki wayata za ta yi ƙara.

"Matar ce," za ta ce, ko gaisuwa babu. "Kukan nata ya yi yawa."

Washegari kuma: "Na janye. Matar baiwar Allah ce, na ɗauki alhakinta. Ki sa ido a kan abokin kasuwancin."

Mijinta, tsohon direban motar asibiti, mutum mai barkwanci, ya ce mini tun da aka fara littafin nan shi ma bai tsira ba, in ya daɗe a kanti sai an tambaye shi inda ya tsaya da wanda ya gan shi. Ita kuma tana ta dariya har da buga cinya. A littafin rubutun da na ɗinka mata ta cika shafi tara da zarge-zarge.

Sati uku aka yi haka. Waƙafi ya kira ta sau biyu, ta ce masa saura kaɗan. Sai ga shi a ɗakin ɗinki, ya ja kujera ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Anti, taimako za ki yi mini," in ji shi. "So nake in sanar da masu karatu littattafan da Mama za ta kawo musu, su fara nema. Na san akwai jerinsu a murfin akwati. In na tambaye ta za ta ce in jira. Ki ɗauko mini hotonsa a waya, mu ba ta mamaki."

Na faɗa a baya ladabinsa ya yi mini yawa, amma da ya juyo da shi kaina sai na narke kamar kowa. Ranar Lahadi na je gidan, tana kicin, na shiga ɗaki na ɗaga murfin na ɗauka. Ban ji ina yin wani abu mara kyau ba. Har daɗi nake ji.

Bayan kwana huɗu Waƙafi ya miƙo mini ambulan. "Ki kai wa Mama ta ɗan duba mana, gobe da safe za a buga. Kada ki ce mata komai, bari ta gani da idonta."

A mota na buɗe, don ni ba na iya riƙe ambulan a rufe. Shafi biyu ne na gwaji, irin wanda ake fitarwa kafin bugu, da sabon jan biro a ciki. Guraben da hotunan bangon littattafai za su zauna duk farare ne, ba a sa ba tukuna, sai lamba kawai a kan kowane sakin layi, ɗaya zuwa sha tara. Ni daga sama nake karatu kamar kowane ɗan Adam. Taken ya ce littattafai sha tara da Jan Biro ta karanta muku. Lamba ɗaya labarin mai kantin magani ne, daga gawa har ankwa, a layi goma sha biyu. Ashe mai gyaran wuta ne, wanda ya zo gyara fanka a babin farko kowa ya manta da shi. Na ce a raina, lallai Yaya, wato ta yanke zaren ta gama, ta ba Waƙafi labari ni ba ta gaya mini ba. Har haushi na ji. Aka zo inda zan sauka na mayar da takardun. Yadda mai shafi goma a rana za ta gama littafi sha tara a sati uku, wannan tambayar ba ta zo mini ba sai bayan na miƙa ambulan ɗin.

Da yamma ne, na same ta a falo. Na ce saƙo ne daga Waƙafi, wai a duba. Ta yi tsaki ta ce mutum ya yi ritaya ma ba za a bar shi ya huta ba, amma na ga yadda yatsunta suka karɓi biron. Ta kifar da takardun, ta jawo wani kwali ta mai da shi rula, ta fara daga ƙasan shafi na biyu. Ni na shige kicin in ɗora shayi.

Daga can ina jin ta. "Wane mara imani ne ya rubuta wannan? Yana bi yana tona ƙarshen littattafan mutane ɗaya bayan ɗaya." Can kuma: "Ji wannan, har da sunan wadda ta ƙona ɗakin kwanan. To me ya rage wa mai karatu?" Ba ta san sunayen mutanen ba, don ba ta taɓa buɗe littattafan ba. A zatonta shafin wani ne aka kawo mata, a kan littattafan wasu.

Na fito da tire. Sai a lokacin na ga littafin mai kantin magani a hannun kujera, farin zarena yana nan daram ba a yanke ba. Tana kan lamba uku.

"Yaya," na ce.

Ta ɗaga mini hannun hagu. Ni kuma, Allah ya sani, na yi shiru. Shekara ashirin da shida ina yin shiru in ta ɗaga hannun nan, sai bakina ya bi abin da ya saba. Na tsaya da tire a hannu ina kallon kwalin yana hawa.

Jimlar ƙarshe ta lamba ɗaya ita ce mai sunan mai gyaran wuta. Wannan sunan ta san shi, sati uku tana zaune da mutanen. Kwalin ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Na zaci za ta yar da takardar, sai na ga ta tura shi sama, jimla bayan jimla, har ta kai kan take ta ga sunanta. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati. Da ta dawo ta zauna, ta ja layi a kan sunanta ta yi alamar a cire, ta mayar da takardun cikin ambulan.

"Kuskure goma sha ɗaya ne, na sha biyun sunana. Ki kai masa." Sannan ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ba shi jerin?"

Na gaya mata. Na shiga bayani, wai sanarwa, wai mamaki. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Shayin ya huce a kan tebur ba wanda ya taɓa.

Da safe na tare Waƙafi a bakin inji. Abin da ya fi ƙona mini rai, mamaki ya yi da gaske, ba na wasa ba.

"Anti, sati uku littafi ɗaya bai ƙare ba, shafi kuma ba ya jira. Yini guda na yi da waya ina tattaro labaran nan, akwai masu ba da su kaf, don kawai in sauƙaƙa mata. Yaran yanzu ba su da haƙurin jira, so suke a gaya musu abin da ya faru. Sunanta kuma ai girmamawa ce."

Na ce masa shekara huɗu ya zauna a gefenta yana jin maganar akwatin nan, ya san daga ina take fara karatu don ita ta koya masa. Ya sosa ƙeya ya ce wallahi bai kawo wannan a ransa ba. Na yarda bai kawo ba, kuma wannan ne ma ya fi ciwo. Sauran abin da na gaya masa ba na rubutawa ba ne, masu inji har kashe inji suka yi don su ji da kyau. Ya karɓi gyara goma sha ɗaya. Na sha biyun ya bar shi, wai an riga an yi talla. Da rana mujallar ta zo teburina, dubu biyu, ni na ɗinke su da hannuna don aikina ke nan.

Sauran labarin kwanakin daga mijinta na ji, don ta daina kirana. Cikin sati 'yan matan makarantar layinsu suka tare ta a bakin kanti. Ɗaya ta ce, "Haba Mama, ina tsakiyar littafin nan kika gaya mini ƙarshe. Ai ba a haka." Yaya ta ba ta haƙuri. Ba ta ce ba ita ta rubuta ba. Da mijin ya tambaye ta dalili, ta ce shafin ya bi ta hannunta, ta duba shi, ta mayar.

Ta gwada lamba biyu. Shafi huɗu ta yi, ta ci karo da wani suna, ta rufe ta ce, "Wannan ne ya canza wasiyyar." Ta gwada lamba sha uku, na matasa. A shafi na biyu wata yarinya ta shigo aji tana dariya, Yaya ta ce, "Ita ce za ta mutu," ta mayar da shi akwati. Kan da ya ciyar da ita shekara arba'in bai zubar da ko suna ɗaya ba.

Mijin ya ce to ai littafi bai ƙare a duniya ba. Ya je kanti da kansa ya sayo sabo fil, ya miƙa mata a bakin ƙofa. Ta karɓa tana godiya, yana tsaye yana kallo hannunta ya juya littafin ya buɗe shafin ƙarshe. Sati uku ta yi tana lallashin hannun nan, yamma ɗaya da jan biro ta mayar da shi gidan jiya. Ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa ba sai ranar.

Wata guda ban taka gidan ba, kunya ta hana ni. Sai wata Asabar ta kira, ta ce in zo da almakashi. Na tafi da sauri, a raina ina cewa an yafe mini.

Ta sa kujeru biyu suna fuskantar juna a bakin taga, kusa har gwiwoyinmu suna taɓawa. Littafin mai kantin magani yana cinyarta.

"Takardar nan da kika kawo," in ji ta, "kin karanta?"

Ga gaskiya a bakina. Amma in na ce na karanta, to na ga abin da ke ciki na miƙa mata da hannuna. Na riga na amsa laifi ɗaya, na ga ba zan iya ɗaukar na biyu ba.

"A'a, Yaya. Kin san ni da karatu."

"Mujallar fa?"

"Ɗinkewa kawai na yi."

Fuskarta ta saki, karo na farko tun ranar. "Madalla. To yanke zaren. Ni nawa ya riga ya lalace, amma ke ba ki sani ba. Zan karanta miki, in an zo wurin in gani a fuskarki. Ko wannan ma ya ishe ni."

Na yanke. Ta ba ni labarin tun daga farko a taƙaice, ta jera mini waɗanda ake zargi, ta tambaye ni wa nake gani. Na ce abokin kasuwancin. Ta yi murmushi ta ce ita ma can ta tsaya. Sannan ta fara karanta babi ukun a bayyane, a hankali, muryarta tana canzawa da kowane mai magana. Karatu take, amma rabin idonta yana kaina ta saman tabarau. Ni kuwa ban ji komai a labarin ba. Ina zaune ina shirya fuska, ina tunanin yaya mutum yake yi in ya yi mamaki, ido yake fara zarowa ko baki yake fara buɗewa.

Aka zo babin ƙarshe. Sufeton da ke binciken ya tara kowa a cikin kantin, yana bin su ɗaya-ɗaya yana wankewa. Ya wanke matar, ya wanke abokin kasuwancin. Sai ya ɗaga kai ya kalli silin. Na san fanka yake kallo, na san wanda ke zuwa. Na ja numfashi, na zaro ido, na ce, "Kai."

Yaya ta tsaya. Ta sa yatsa a inda take, ta ƙirga ƙasa.

"Saura layi huɗu a faɗi sunan," in ji ta. "Kin yi sauri."

Na buɗe baki, ta girgiza kai, ba da faɗa ba. Ta rufe littafin ba ta ƙarasa ba, ta ce bari ta kawo mini shayi. Ta shiga kicin, na ji ta buɗe kabad ɗin sama. Da ta fito, abin da ke kan tiren ba tsohon kofina mai tsagaggen baki ba ne, wanda nake sha da shi a gidan tun 'ya'yanta suna firamare. Farin kofi ne mai ruwan zinariya a baki, cikin waɗanda take ajiye wa baƙi. Ta ajiye shi a gabana da hannu biyu, ta ce in sha kafin ya huce.

Har yau ina zuwa gidan, ana karɓata da fara'a, kuma a kofin nan ake ba ni shayi.